Yadda Ake Kiwon Kajin Bantam Tare da Sauran Tsuntsayen Tsakar Gida a Damagaram

A yawancin gidajenmu na Damagaram, tun daga Birni har Zango da Sabon Gari, tsakar gida ba ta kaza kaɗai ba ce. Akwai zabi, akwai agwagi, akwai tantabaru a bisa katanga, wani gidan har da talo-talo, ga kuma akuya ko ragon layya a turke. Cikin wannan taro ne wasu masu sha'awar kiwo suke shigo da ƙananan kajin nan da ake kira bantam, waɗanda kyansu da ƙanƙantarsu ke jan hankalin duk wanda ya gan su. Sayensu ba shi da wuya ga mai hali, amma riƙe su da rai da lafiya a tsakanin tsuntsayen da suka ninka su nauyi sau uku ko sau biyar yana buƙatar shiri. Abin da na fahimta a shekarun da na yi ina kiwonsu shi ne, da wuya faɗa ya kashe ƙaramar kaza a fili kowa yana gani. Abin da ke kashe ta shi ne a hana ta ci, a hana ta sha, a hana ta wurin kwana, kullum kaɗan-kaɗan, mai gida bai lura ba. Saboda haka duk wanda zai ajiye bantam, wajibi ne ya auna gidansa da ma'aunin ƙaramar cikin garken.

Sunan ya samo asali ne daga Bantam, wato Banten, wata tashar jiragen ruwa da ke yammacin tsibirin Jaba a ƙasar Indunusiya, inda matuƙan jiragen Turawa suka riƙa samun ƙananan kaji suna tafiya da su. Daga baya sunan ya bi duk wata kazar da aka halitta ƙarama, ko daga ina ta fito. Mafi yawansu nauyinsu yana tsakanin rabin kilo da kilo ɗaya, ƙwansu kuma yakan kai giram 30 zuwa 40, alhali na kazar gidan gona yana kai giram 55 zuwa 60. Kada a haɗa su da durgu da muka sani tun muna yara: durgu ƙafafunta ne gajeru, jikinta kuwa na kazar gida ne, ita kuwa bantam komai nata ƙarami ne, daga baki har farce.

Zaɓen iri shi ne mataki na farko, domin ba duka ne suka dace da garken da aka gauraya ba. Akwai Sebright, wadda aka kira da sunan Baturen Ingila da ya samar da ita a farkon ƙarni na 19, mai gashi fari ko ruwan zinariya da baƙin zane a bakin kowane gashi. Tana da zafin nama, tana tashi sama sosai, kuma tana iya kare kanta, sai dai da wuya ta yi kwanci, ƴan tsakinta kuma ba su da ƙwari. Akwai Pekin, mai gashi har ƙafafu, mai sanyin hali da son kwanci. Akwai Silki, mai gashi kamar auduga, baƙar fata da yatsu biyar, wadda ba ta iya tashi ko kaɗan, kuma tukkun da ke kanta yakan tare mata gani. Akwai Serama ta ƙasar Maleshiya, wadda ita ce mafi ƙanƙanta, sau da yawa ba ta kai rabin kilo ba. Akwai kuma Shabo ta Japan mai gajerun ƙafafu, wadda idan aka haɗa zakara da kaza duka masu gajerun ƙafafu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƴan tsakin sukan mutu tun a cikin ƙwai. A ganina, mai farawa ya nemi Pekin ko kuma gaurayen bantam da aka ƙyanƙyashe a nan yankinmu, waɗanda iyayensu suka riga suka ga bazara da hunturunmu. Serama kuwa ba zan ba kowa shawarar ya sake ta a tsakar gidan da ke da agwagi da awaki ba.

Idan za a saya, a ɗauki kazar a hannu. A duba idanu ko suna da haske kuma ba sa ruwa, a saurari numfashi, a buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya ko akwai ƙwarƙwata, a shafa ƙafafu ko ɓawonsu ya tattashi. Sannan a shafa ƙashin ƙirji: idan ya fito da kaifi kamar bayan wuƙa, kazar ta rame ko da gashinta ya rufa mata asiri. Kuma kada a sayi guda ɗaya tilo. A sayi biyu ko uku, domin baƙuwa ɗaya ita kaɗai dukan garken zai taru a kanta.

Kwanakin farko

Kuskure mafi tsada shi ne a dawo daga kasuwar Dole ranar Alhamis da sabbin kaji, a kwance musu ƙafa a sake su a tsakar gida nan take. Kasuwa mahaɗar tsuntsaye ce daga ƙauyuka da yawa, kuma kaza tana iya ɗaukar cuta kwanaki kafin alamarta ta bayyana. A keɓe sabbin na makonni 3 zuwa 4 a wani lungu mai nisa da akurki, da kaskon ruwansu daban da mazubin abincinsu daban. Mai kula da su ya fara da tsoffin kajin gida da safe, ya ƙare da baƙin, sannan ya wanke hannu. A cikin waɗannan makonni ne za a yi musu rigakafi da maganin tsutsar ciki da na ƙwarin jiki.

Bayan an gama keɓewa, ba a haɗa su kai tsaye. A sa su cikin keji ko a kifa musu babban kwando mai ido-ido a tsakiyar gidan, inda tsoffin za su riƙa ganinsu ba tare da sun iya taɓa su ba, har tsawon mako guda. A zuba tsaba a gefen ragar ciki da waje, su saba cin abinci kusa da juna. Ranar da za a buɗe, a zaɓi ranar da mutum yake gida, a buɗe da la'asar, a watsa hatsi a wurare uku ko huɗu. Za a ga sara da kora, kuma wannan ɗabi'ar kaji ce, domin kowane garke yana da manya da ƙanana, sai kowa ya san matsayinsa ake samun zaman lafiya. Abin da ba a bari shi ne a ritsa kaza a kusurwa, ko a fitar mata da jini. Kaji suna bin ja, da zarar sun ga jini ba sa dainawa, saboda haka wadda ta ji rauni a ɗauke ta nan da nan har sai ta warke. Idan kuma aka lura kaza ɗaya ce ke jagorantar zaluncin, ita ya kamata a tsare na kwana uku ko huɗu, domin idan ta dawo takan tarar matsayinta ya sauka.

Na koyi wannan da asara. Karon farko da na kawo bantam uku, na ga ba a yi wani faɗan kirki ba, sai na ɗauka an zauna lafiya. Bayan kamar makonni biyu na lura ƙaramar cikinsu, wata mai ruwan ƙasa, kullum tana maƙale a ɗan tsukin da ke tsakanin randa da bango. Na zauna a kan turmi wata safiya ina kallo. Duk lokacin da ta taho wajen kaskon dusa, sai wani namijin zabo ya sunkuyar da kai ya sheƙo a guje, ita kuma ta koma bayan randa ba ta ci ko ƙwaya ɗaya ba. Bai taɓa kama ta ba, kora kawai yake yi. Da na ɗauke ta, sai na ji kamar na ɗauki tsumma, marorinta babu komai, ƙashin ƙirjinta yana sukar tafin hannuna. Na keɓe ta na yi ta ba ta abinci mai laushi, amma bayan kwana biyu ta mutu. Abinci yana nan a gidan a wadace, ita ce dai ba ta da hanyar isa gare shi.

Ci da sha

Daga wannan ne na ɗauki ƙa'idar da ba na saɓa mata: mazubin abinci da na ruwa su kasance aƙalla biyu-biyu, kuma a ajiye su ta yadda wanda ke tsaye a kan ɗaya ba zai hangi ɗayan ba. Azzalumin zabo ko zakara ba zai iya gadin wuraren da ba ya gani a lokaci guda ba. Ana iya raba su da buhu, ko guntun zana, ko tsohuwar ƙofa da aka jingina da bango.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne a yi wa ƙananan ɗakin cin abincinsu na kansu. A samu akwati, ko a kewaye wata kusurwa da ragar waya ko karan dawa, a bar ƙofofi biyu waɗanda bantam za ta ratsa amma babbar kaza ba za ta iya ba. Faɗin santimita 8 zuwa 10 yakan yi daidai, sai dai a tuna kajinmu na gida su ma ba manya ba ne sosai, sagara tana iya kutsawa inda ba a zata ba, don haka a gwada da kajin da ake da su, a rage ko a ƙara. Dalilin yin ƙofa biyu shi ne kada wata ta shiga ta ritsa ƴar'uwarta a ciki. Wannan ɗan ɗaki yana kuma kare abincin daga akuya, wadda idan ta samu dusar kaji ba ta barin komai, kuma hatsi mai yawa yana iya kumbura mata ciki.

Bantam ba ta da ci. Giram 50 zuwa 70 ya ishe ta a yini, wato kusan rabin abin da babbar kaza mai ƙwai ke ci. Amma bakinta ƙarami ne, ƙwayar masara ɗungum tana yi mata girma. Gero ya dace da ita, haka dawa da masarar da aka ɓarza. Hatsi da dusa kaɗai ba sa gina jiki ko ƙwai, sai an haɗa da abin da ke ƙara ƙarfi: dakakken ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, garin busasshen kifi, wake da aka soya aka niƙa, da ganye irin su zogale da salati. A guji gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, domin dafin da ke cikinsa yana lalata hanta, kuma ƴaƴan agwagwa sun fi kowa saurin mutuwa da shi. Gara kuwa abinci ne mai kyau da ba a saye. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kifa ta da yamma a inda gara ke fitowa, da sassafe a ɗauko a zazzage wa ƙananan a cikin ɗakinsu.

Wanda ke sayen abincin kanti ya lura da abu guda. Abincin kaji masu ƙwai yana ɗauke da sinadarin gina ɓawon ƙwai mai yawa, wanda ke cutar da ƙodar ƴan tsaki. A garken da ke da manya da ƙanana, gara a ba kowa abincin masu tasowa, sannan a ajiye dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa ko ƙonannen ƙashi a wani kasko daban. Mai bukata za ta je ta ci da kanta. A zuba musu kuma ƙananan tsakuwa idan a tsare suke, da ita ƙundu ke niƙa hatsi.

Maganar ruwa ta fi nauyi a garin da kowa ya san tsadarsa. Kaza tana shan kusan ninki biyu na abin da take ci, a bazara kuma fiye da haka. Matsalar garken gauraye ita ce agwagwa, wadda ke shiga kasko da ƙafafunta ta dama shi ya koma taɓo kafin hantsi. A ba agwagi nasu ruwan mai ɗan zurfi a nesa, na kaji kuma a sa shi a mazubi mai ƙaramin baki ko a cikin ɗakin ƙananan. Kada a bar bokiti ko baho a buɗe da ruwa rabi, domin bantam takan hau baki ta leƙa ta faɗa, ta kasa fita. Kaskon ƙasa ya fi na roba da na ƙarfe riƙe sanyi. A ajiye shi a inuwa, a sauya ruwan safe da azahar. An ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to tsuntsayen daji ma suna sha, kuma suna barin kashinsu a ciki, don haka a wanke kaskon kullum kuma a sa shi ƙarƙashin rufi.

Akurki da wurin kwana

A ƙiyasce, kowace bantam tana bukatar kusan rabin filin da babbar kaza ke bukata a akurki, wato biyar za su kwana a murabba'in mita ɗaya ba tare da matsi ba, kuma kowace ta samu santimita 15 zuwa 20 a kan sandar kwana. Sandar ta zama siririya daidai kamun yatsunsu. Mafi kyau a kafa sanduna biyu, ta ƙananan a ɗan sama kuma a gefe, domin masu tashi suna son bisa, kuma wanda ya kwana a ƙarƙashin babba da kashi a bayansa zai wayi gari. Silki da ba ta tashi a yi mata tata ƙasa-ƙasa. Agwagi su kwana daban, saboda a ƙasa suke kwana suna jiƙa shimfiɗa. Talo-talo ma a raba shi da kaji gwargwadon iko, domin akwai cutar hanta da hanji da kaji ke ɗauke da ita ba ta dame su sosai ba, shi kuwa tana kashe shi, musamman ƴaƴansa.

Ƙofar akurki kada ta kalli gabas, inda hadari ke tasowa, kuma a toshe ɓangaren arewa maso gabas da buhu ko zana idan hunturu ya shigo. Ƙaramin jiki yana saurin zubar da ɗumi, shi ya sa sanyin asubar Disamba da Janairu ya fi taɓa bantam da ƴan tsaki fiye da manya. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙananan sun fi manyan kaji masu nauyi juriya, amma su ma suna wahala. Kaza ba ta gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki ta saki fukafukai. Akurkin kwano a tsakar rana tanda ne. A shimfiɗa masa zana ko kara a bisa, a bar tagogi masu raga, a yayyafa ruwa a ƙasan inuwar dogon yaro inda suke kwanciya, a ba da abinci da sassafe da yamma lis. Da damina, masu gashin ƙafa suna kwasar taɓo, Silki kuma gashinta ba ya tare ruwa, idan ta jiƙe sai a goge ta a sa ta wuri mai ɗumi.

Shaho da shirwa da ba za su iya ɗaukar babbar kaza ba suna iya sure bantam, haka muzuru, tunku, gafiya da maciji. A bar musu mafaka a wurare da dama: ƙarƙashin rumfa, gindin rumbu, amalanken da aka ajiye. Ragar akurki ta zama mai ƙananan ido, a kuma rufe ƙofa kowace magariba bayan an ƙidaya su. Masu tashi sukan haye katanga su faɗa gidan maƙwabta. Ana iya datse dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, ban da sabon gashin da ke da jini a gindinsa, amma a sani cewa kazar da aka datse wa fiffike ta rasa hanyar tsira daga kyanwa, saboda haka ni na fi son a rufe saman wurinsu da raga.

Zakaru

Babban zakara, musamman irin Barahama da ke kai kilo 4 ko 5, idan yana hawan bantam yakan tuje mata gashin baya, ya yage mata fata da farce, wani lokaci ya gurɗa mata ƙafa. Namijin agwagwa ya fi shi haɗari, domin halittar gabansa daban take da ta zakara, idan ya bi kaza yana iya yi mata raunin da ba ta tashi. Wanda ke son bantam mata a garkensa, ko dai ya riƙe zakaran bantam kaɗai, ko ya tabbatar babban zakaran yana da manyan kaji da suka ishe shi, kamar takwas zuwa goma, ƙananan kuma suna da wurin gudu. Zakaran bantam yana da zuciyar da ta fi jikinsa, zai tari wanda ya ninka shi uku bai ja da baya ba, don haka ajiye zakaru biyu a ƙaramar tsakar gida neman rauni ne.

Bantam da manyan kaji suna haɗuwa su haifi matsakaita. Wanda ke son tsantsar iri sai ya keɓe zakara da kajinsa, kuma ya jira makonni 3 zuwa 4 kafin ya fara tara ƙwan kwanci, domin kaza tana riƙe irin zakaran da ya riga ya hau ta har fiye da makonni biyu.

Kwanci

A nan ne ƙaramar kaza ke biyan kuɗin hatsinta. Pekin da Silki uwaye ne na ƙwarai, suna kwanci da naci, kuma rashin nauyinsu ya sa ba sa yawan fasa ƙwai. Kowa ya san zabuwa ba uwar kirki ba ce a gida, tana zuba ƙwai da damina amma ba ta damu da kwanci a inda ake so ba, idan ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja ƴaƴan cikin raɓa. Tun da can iyayenmu mata kaza suke sa wa ƙwan zabi, kuma bantam tana yin wannan aiki da kyau matuƙar ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Ƙwanta na kanta za ta rufe takwas zuwa goma, na zabi shida zuwa bakwai, na babbar kaza biyar ko shida. Ma'aunin gaskiya shi ne a duba ta bayan ta zauna: idan ana hango ƙwai ta gefe, a rage. Kwaɗayin ƙara biyu yakan jawo asarar duka, domin tana jujjuya su, kowanne sai ya samu ranar da ya kwana a waje ya yi sanyi, a ƙarshe gurbin ya cika da baragurbi.

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na wasu bantam yakan riga da yini guda. Na zabi kwana 26 zuwa 28 ne, na talo-talo 28, na agwagwar gida mai jan fuska kuwa 35, wanda ya yi wa ƙaramar kaza tsawo. Idan ana so a haɗa na zabi da na kaza a gurbi ɗaya, a fara sa na zabi, bayan mako guda a ƙara na kaza, sai su fito tare, ƴan tsakin kuma sukan koya wa ƴan zabin natsuwa. Ƙwan da za a sa kada ya wuce kwana 7 da nasawa, a zafinmu ma gara ƙasa da haka, a ajiye shi cikin yashi mai sanyi kusa da randa. A yi wa kowanne alama da fensir ko gawayi, saboda a garken gauraye manyan kaji suna ture mai kwanci su nasa nasu a gurbinta. Mafita ita ce a mai da ita wani lungu da dare, a kifa mata kwando, a buɗe ta sau ɗaya a yini ta ci ta sha ta yi birgima. A kwana na 8 zuwa 10 a haska ƙwan kaza da fitilar waya cikin duhu: mai rai za a ga jijiyoyi kamar saƙar gizo, wanda yake fayau a cire shi. Kazar da ta gama kwanci takan rame, kada a sake ɗora mata wani a jere.

Ƴan tsakin bantam ƙanana ne ƙwarai, suna ratsa ragar da mutum ba zai yi zato ba, kuma suna nitsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. A zuba tsakuwa a faifan ruwansu. Su zauna da uwarsu a keɓe, a busasshen wuri, na makonni 6 ko fiye, ana ba su tsakin gero mai laushi da dafaffen ƙwai da gara ko abincin ƴan tsaki na kanti. Kashi mai jini a waɗannan makonni alama ce ta cutar hanji da damshi ke haddasawa, a nemi magani a ranar.

Cuta da rigakafi

Babbar annobar kajinmu ita ce cutar Niyukasil, wadda ta fi tashi da hunturu, mai sa koren zawo, haki da murɗewar wuya, kuma tana iya share gida cikin mako guda. Ba ta da magani, rigakafi ne kaɗai kariya. Akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido, wanda ake maimaitawa duk wata 3 zuwa 4. A je wajen ma'aikatan kiwo ko likitan dabbobi kafin sanyi ya shigo, a yi wa kaji manya da ƙanana da zabi da talo-talo a rana guda, kuma ba a yi wa marar lafiya. Ɗigon rigakafi ɗaya ne ga babba da ƙarama, amma maganin tsutsa da sauran magunguna da nauyin jiki ake auna su, kuma abin da ya dace da kaza mai kilo biyu yana iya kashe mai rabin kilo. Wannan ne ya sa nake roƙon masu kiwo su daina fasa kafson mutane a ruwan kaji. A tambayi likita kuma kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama bayan magani.

Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a jiharmu, domin a Magarya aka fara tabbatar da ita a Nijar cikin watan Fabrairun 2006. Agwagi suna iya ɗaukarta ba tare da sun nuna alama sosai ba. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa a ɗan lokaci, kada a yanka a ci, kada a kai sauran kasuwa, kada a jefa mushe a bola. A binne shi da zurfi, a hana yara taɓawa, a sanar da ma'aikatan kiwo. Ƙurajen da ke fitowa a zanko da fuska da damina sauro ne ke yaɗa su, su ma suna da rigakafi.

Ƙwarin jiki sun fi cutar da ƙaramar kaza saboda jininta kaɗan ne. Akwai ƙwarƙwata a cikin gashi, akwai ƙuma da ke manne a zanko da gefen ido, akwai kuma wata kaska mai laushi da ke ɓuya a tsagar bangon laka da rana ta fito da dare ta sha jini, ta yadda duban kaza da rana ba zai nuna ta ba. Idan kaji suka fara ƙin shiga akurki da magariba, a shiga da fitila bayan isha'i a duba bango da sanduna. A yaɓe tsagogi, a shafe bangon da farar ƙasa, a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a nemi maganin da aka yi domin kaji, ban da na feshin gona da kananzir da baƙin mai. A tanadi wurin birgima na yashi da toka a inuwa, ɗaya a fili, ɗaya a cikin ɗakin ƙananan. Ƙafar da ɓawonta ya tattashi, abin da ya fi samun masu gashin ƙafa, a wanke ta da ruwan ɗumi a shafe ta da man kaɗanya ko basilin duk bayan kwana biyu ko uku har ta koma daidai.

Sau ɗaya a mako, bayan sun hau sanda da dare, a ɗauki kowace bantam a hannu, a taɓa marorinta a ji ko ta kwana da abinci, a shafa ƙirjinta a kwatanta da na makon jiya. Wadda aka tarar marorinta babu komai, gobe da safe a zauna a kalli wanda ke tsaye tsakaninta da kasko, a kuma matsar da kaskon tun kafin rana ta yi zafi.